Ledojin Maganin Salamatu

Ranar Talata Salamatu ta rasu a asibiti, aka dawo da ita Kiru kafin azahar. Abin da ta bar wa mijinta Malam Shitu, tsohon malamin firamare, bai cika kwano ba: tarin ƙananan ledojin magani, da kartar wot da suka shekara goma sha tara suna bugawa bayan la'asar.

Kartar ta ji jiki. Man gyaɗa ya ci gefenta, lalle ya rina bayan wasu, katin tauraro mai lamba bakwai kuwa sai an kusa da ido ake gane shi.

Bayan sadakar bakwai, babban ɗansu Uzairu ya tarar da Malam Shitu a zaure ya baje kartar a tabarma.

"Baba, don Allah a kawar da wannan. Masu gaisuwa suna gani."

"Su gani. Wata huɗu tana kwance ba su ga hanyar gidan nan ba. Yanzu idonsu ya buɗe?"

Uzairu ya haɗiye maganar, ya sake dabara. "To kawo in kai shagon kwamfuta a bi ta da inji, a manne mata roba. Ba za ta ƙara lalacewa ba. Za ta miƙe sumul kamar sabuwa."

Malam Shitu ya san injin. Takardar shaidarsa ta koyarwa ta taɓa bi ta ciki, ta fito a sandare, duk wata lanƙwasa ta ɓace.

"Sumul," ya maimaita. "Wa ya ce maka sumul nake nema?"

"Ai a hannunka za ta ƙarasa mutuwa, Baba."

"Ka yi digiri, Uzairu, amma ba ka iya barin abu yadda yake ba. Sauke hannunka."

Ya tashi ya shiga ɗakin marigayiya, ya fito da kwanon ledoji. Ya ɓare takardar da ke jikin kowacce, mai rubutun safe biyu, dare biyu, ya goge garin ƙwaya da gefen rigarsa. Ya zura karta ɗaya. Ta zauna cif, kamar don ita aka yanka ledar.

"Asibiti bai ba ta lafiya ba," ya ce, "amma bai yi mana rowar leda ba."

Karta hamsin da huɗu ce. Ledoji suka isa, har da saura. Uzairu ya tsaya yana kallo, daga baya ya ɗauki hularsa ya fita.

Masu lamba ashirin ya bari sai ƙarshe. Su ne manya a wasan, wanda ya riƙe ɗaya shi ke juya kowa. Kowacce akwai ɗan lanƙwasa a kusurwarta, daidai faɗin farcen Salamatu. Da wannan take gane su ta baya, ta san lokacin da za ta ɗiba, ta cinye shi, ta tafa hannu: "Malam, duk karatun nan naka!" Shi kuma ya ɓata rai, ya ɗora wa sa'a laifi.

Ya zura su a hankali, yana kare kusurwar da yatsa kada bakin leda ya miƙar da ita.

Tun shekarar farko ya gani. Kullum yana cewa sai ranar da ta cika baki da yawa zai faɗa mata: "Salamatu, na san da farcenki. Dariyar nake so."