Dunƙule Uku a Ƙarƙashin Yashi

Baba mai lambu ya matse kwalbar tsakanin gwiwoyinsa, duk sanda bas ta faɗa rami sai ruwan ya fantsalo masa a wando. Matar da ke gefensa ta leƙa, ta ga 'yan kifaye huɗu sun juya ciki sama, ta tambaye shi ko magani ne. Ya ce mata shaida ce, ya kau da kai.

To, ga yadda abin ya faro. Autarsa ce aka sallama daga aiki, ta dawo gida ta shige ɗaki wata bakwai, ko labule ba ta ɗagawa. Rannan kwatsam sai ga ta da akwatin gilashi, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, wai gidan kifi za ta haɗa, ba inji ba komai, tsirrai ne za su riƙa tace ruwan. Ta roƙi uban ya ba ta ƙasar lambu wadda ba ta taɓa ganin taki ba, ta shimfiɗa, ta rufe da yashi, ta ajiye wani dutse a kai, ta dasa ciyayin ruwa da ɗan tsinke. Sati huɗu cur tana jira kafin ta zuba kifi shida. Uwarta har tsiya take mata, wai an yi wa ruwa ɗaki da fitila. Amma ita ce ta fara raɗa wa Baba cewa yarinyar nan fa ta soma karyawa da safe.

Shi kuwa Baba, shekara arba'in yana rainon dashe, ba ya iya ganin ganye ya yi rawaya ya wuce. Auta ta ce masa haka suke yi kafin su kama, ya gyaɗa kai kawai. Da ta fita sayen abincin kifi, ya murza busasshen kashin kaji da yumɓu kamar yadda yake yi wa yabanya, dunƙule uku, ya cusa su can cikin yashi ya shafe wurin da yatsa. Kwana biyu ruwa ya yi fari kamar an wanke shinkafa. Yau da safe huɗu sun mutu, biyu na haki a sama.

Auta ba ta yi kuka ba, wannan ne ma ya fi ci masa rai. Cewa ta yi ita dama duk abin da ta taɓa sai ya lalace. A nan ne ya kamata ya buɗe baki. Ya buɗe ɗin, amma abin da ya fito shi ne mai shagon kifin nan ta cuce su, marasa lafiya ta sayar musu.

A shagon akwai mutum uku suna zaɓen kifi. Baba ya dire kwalbar a kan tebur, ya ɗaga murya yadda bai saba ba, ya ce a ji tsoron Allah a daina yaudarar 'ya'yan mutane. Yana faɗa yana jin zufa na bin bayansa. Mai shagon, wata mata mai tabarau, ta jawo kwalbar gabanta. Ta ɗebi ruwan a ɗan bututu, ta ɗiga wani magani, ruwan ya rikiɗe ya yi kore. Ta shinshina kwalbar. Sai ta dubi hannuwansa, ta daɗe a kan faratan nan da ƙasa ta riga ta zauna a cikinsu.

Ta jira har masu saye suka fita, sannan ta jawo masa kujera.

"Baba, na kaji ne ko na shanu?"

Ya cire hularsa, ya dubi cikinta kamar an rubuta amsar a can.

"Na kaji," in ji shi.

Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce a tudu da ya yi daidai, amma a ruwa guba ne. Ta koya masa a kwashe takin, a sauya rabin ruwa kullum da wanda ya kwana a bokiti, biyun nan za su iya tashi. Har ta ce in yana so ya gaya wa 'yarsa kifin ne ba su da ƙwari, ita ta saba shan zagi, ɗaya ba zai ƙara mata komai ba. Baba ya yi godiya da ban-haƙuri a haɗe, shi kansa bai san wanne ya fara fita ba.

Duk hanyar dawowa yana juya wannan kyauta a ransa. Mai sauƙi ce, ba wanda zai sani.

Ya tarar da Auta ta kashe fitilar akwatin, ta kwashe kifi biyun a roba, tana jan ruwa da tiyo. Ta ce ta yi wa wata ƙawarta waya ta zo ta ɗauki gilashin, ita ta haƙura. Ta tambaye shi me mai shagon ta ce, ba tare da ta ɗago ba.

Baba ya ajiye kwalbar. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya karɓi cokali a wurin uwarta da ke tsaye bakin ƙofa. Bai yi lalube ba. Kai tsaye ya nufi gindin doguwar ciyawar nan ta hagu, ya ɗago wani baƙin curi da ya fara narkewa, warinsa ya cika ɗakin. Ya koma kusurwar dama, ya ɗago na biyu.

Uwar ta ce inna lillahi a hankali, ta koma kicin.

Auta ta dubi cokalin, ta dubi uban. Shi kuwa ya kasa dubanta, hannunsa na ɗigar ruwa a kan tabarma. Tiyo na ta zuba a bokiti. Can ta sa babban yatsa ta toshe bakin tiyon.

"Saura nawa, Baba?"

"Ɗaya. Bayan dutsen."

Ta kunna fitilar, ta ɗaga masa dutsen.