Kuben Kyamara

Baduku bai iya ba da haƙuri ba. Ya iya yanka, ya iya huda, ya iya ɗinkin da ko allura ba ta samun wurin shiga, amma kalmar nan ta "yi haƙuri" in ta taso masa sai ta maƙale a maƙogwaro, ya bi ta da tari. Matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ta sha gaya masa cewa da bakinsa ya yi rabin laushin fatar da yake ɗinkawa, da yanzu 'ya'yansa na kewaye da shi.

Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Auta. A shagon nan yaron ya tashi, ya iya riƙe basilla tun bai iya ɗaure wando ba, kuma uban ya gama sa rai shi zai gaje shi. Rana ɗaya Auta ya ce shi hoto zai koya. Abin da Baduku ya faɗa ran nan a gaban maƙwabta ba shi da daɗin maimaitawa. Mai sauƙin ciki shi ne wai danna maɓalli sana'ar ragwaye ce, ba za ta yi ƙarko ba, kuma sai Auta ya dawo yana roƙon a ba shi zare. Auta bai dawo ba. Shekaru suka yi ta tafiya, yana zuwa gaida Inna, ya leƙa shago ya ce, "Baba, ina wuni," uban ya ce, "Lafiya," an gama hira ke nan. Kullum in ya juya baya sai Baduku ya bi shi da kallo har ya sha kwana, ransa na suya.

A tsakiyar damina maratayin kyamarar Auta ya tsinke, ya ƙulla shi ya ci gaba da harkarsa. Inna ta gani ta riƙe baki.

"Ubanka baduku, kana yawo da igiya a ƙulle kamar ta akuya? Wuce mu je."

Ta tasa shi gaba har shago. Da ma Auta zai raka matarsa ganin iyayenta, ba ya buƙatar kyamarar sai ya dawo, lokacin da zai ɗauki hoton wani babban taron yaye ɗalibai, aikin da ya daɗe yana nema. Ya zaro ta daga wata tsohuwar jakar leda, naɗe cikin tawul, ya ajiye a kan teburin yanka.

"Maratayin kawai, Baba. Don Allah kar a taɓa komai."

"Na ji," in ji Baduku, bai ko ɗago kai ba.

Maratayi kam kafin la'asar ya gama shi. Amma tawul ɗin nan ya hana shi sakat. Ɗansa, ɗan cikinsa, abin da yake ci da iyali da shi yana kwana cikin tsumma! Ya tashi ya buɗe akwati, ya ɗauko wata jar fata da ya daɗe yana ɓoyo, wadda masu saye suka yi ta naci ya hana. Tunda bakin ya ƙi, hannu zai faɗa. Ko Inna bai gaya wa ba, don ya san cikinta ba ya riƙe magana.

Shi fa Baduku duk rayuwarsa kube yake yi, kuma kube hanya ɗaya gare shi. A jiƙa fata har ta yi laushi, a naɗe wuƙar da ita, a bi da yatsa ana dannawa, a ɗinke, sannan a bar wuƙar a ciki har fatar ta bushe a jikinta. Haka ubansa ya koya masa, haka ya yi wa wuƙaƙe da almakasai da adduna ba adadi, ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi. Awo da tef, a ganinsa, aikin wanda bai yarda da hannunsa ba ne. Don haka ya jiƙa jar fatar nan sharkaf, ya matse, ya lulluɓe kyamarar. Wuƙa akan shafa mata mai don kar ta yi tsatsa, amma wannan bai shafa mata ba, sai ya rufe gilashin da hankicinsa, yana jin daɗin kansa wai ya san abin zamani.

Ya bi kowane lungu da ɗan ƙashin da yake goge fata, ya fitar da tudun gilashi, ya fitar da gurbin yatsu. Inda bai kwanta masa ba ya ƙara yayyafa ruwa ya sake dannawa. Ya yi ɗinki biyu da zare mai kaki, ya yi murfi, ya zana irin ƙawar da Auta ya fara koya yana ƙarami. Ruwan sama kuwa bai ɗauke ba, shagon kansa warin danshi yake. Saboda ɓeraye, ya saka aikin cikin akwati da kyamarar a ciki, ya rufe ruf. Kwanakin nan har waƙa aka ji yana yi.

Ranar da Auta ya dawo fatar ta kama jikinta. Baduku ya ɗauko ya tura masa a kan tebur, ya kau da kai kamar ba shi ya yi ba. Auta ya tsaya. Ya shafa ɗinkin, ya bi ƙawar da yatsa, ya gane ta. Inna na bakin ƙofa tana goge ido da gefen mayafi.

"Baba, jar fatar nan ce ta cikin akwati?"

"To ajiye ta zan yi ta yi har ta ci kanta?"

Auta ya yi dariya, irin wadda shagon ya daɗe bai ji ba. "Zauna in ɗauke ka hoto."

Mutumin da ko na katin shaida sai da aka yi rigima da shi, sai ga shi ya karkaɗe riga, ya gyara zaman hula, ya ɗora hannuwa a gwiwa ya ƙame. Auta ya buɗe murfin. Kyamarar ta fito da ɗan tsotso, yadda wuƙa ke fita daga kube mai kyau, kuma Baduku ya ji sautin har cikin ransa.

Auta ya danna, ba ta kama ba. Ya sake dannawa. Ya buɗe gidan batir, ya ga wani kore-kore ya bi ƙarfen. Ya cire hankicin ya ɗaga gilashin wajen haske: can ciki, inda hannu ba ya kaiwa, hazo ya kwanta, fumfuna ta fara yaɗo kamar saƙar gizo. Ya ɗauki gidan fatar ya kai hanci. Shi ma ai ɗan shagon ne, ba sai an gaya masa ba.

"A jiƙe ka sa ta."

"In ba haka ba yaya za ta zauna?"

"A jiƙe, Baba. Ka bar ta a ciki."

"Ai na rufe mata idon," in ji Baduku. Muryarsa ta yi ƙasa, hannuwan na nan a gwiwa.

Inna ta ce ko a shanya ta a rana, ko a kai wa masu gyara. Amma gobe ne taron. Auta bai yi ihu ba, da ma ya yi, da uban ya san yadda zai yi da shi. A hankali ya kwance sabon maratayin ya ajiye a tebur, ya ɗauko tawul ɗinsa ya naɗe kyamarar.

"Ka ce ba za ta yi ƙarko ba," ya ce. "To ga shi, maganarka ta tabbata."

Kalmar ta taso wa Baduku, wallahi ta taso, ta zo har bakin harshe. Ya buɗe baki, sai tari ya fito. Kafin ya lafa Auta ya tsallake kwata ya sha kwana, ko waiwaye bai yi ba.

Inna ta dubi Baduku. "Malam, da 'yi haƙuri' kawai ka ce masa tun farko, da fatarka na nan cikin akwati."

Ta shige gida. Baduku ya jawo gidan kyamarar ya leƙa ciki. Kowane maɓalli ya fito a jikin fatar, kowane tudu da gurbinsa, har inda babban yatsan Auta ke zama. Tun da yake dukanci bai taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma babu wani abu a duniya da zai shiga cikinsa ya zauna daidai sai abin da ya kashe.