Tashar Bas Ta Koma Tsallake

Da safen nan ko shayin da matarsa ta zuba masa Auta bai iya shanyewa ba. Shi ne auta a gidansu, da ya shiga majalisar gari bara kuma sai ya tarar shi ne ƙarami a cikin kansiloli, sunan ya bi shi har zauren taro. Sana'arsa gyaran tabarau. Mutum ne da zai ɗaure ƙusar da ba ta fi kan allura ba hannunsa ko motsi bai yi ba, amma ranar nan maɓallin rigarsa ma nema ya yi ya gagare shi.

Ba wani babban abu ne a gaban majalisar ba, in ka tambayi kowa. A can ƙasan ajanda, tsakanin maganar kwata da ta kwandunan shara, an rubuta cewa za a ɗauke wurin tsayawar bas daga bakin layinsu Auta a mai da shi tsallaken babban titi. Shi ke nan. Layi ɗaya ne, wanda mai karatu zai iya wucewa yana hamma.

Amma akwai Baba, mahaifin Auta. Baba tsohon direban bas ne, tsufa ya zo masa da mantuwa. Ya manta sunayen jikokinsa, ya manta matarsa ta rasu, wani lokaci ma Auta yakan shigo ya gaishe shi ya amsa kamar yana amsa wa baƙo. Bas ne kawai bai manta ba. Kullum da safe sai ya sa hularsa ta aiki, ya fito, ya bi gefen katanga har bencin tasha ya zauna. Duk bas ɗin da ya tsaya sai ya miƙe, ya ɗaga wa direba hannu, ya leƙa tayoyi, ya koma ya zauna. Direbobin sun san shi, suna yi masa ƙaramin hon. Da rana Yaya, babbar 'yarsa da ke kula da shi, ta zo ta ja shi gida. An taɓa gwada kulle masa ƙofa, ya fasa gilashin taga, ya daina cin abinci, likita ya ce a ƙyale shi da tasharsa. Daga ƙofar gida zuwa bencin nan babu titin da ake tsallakawa. In aka mai da tashar can, Baba zai bi bas, kuma tsakaninsa da bas akwai titi mai hannu biyu da manyan motoci ke gudu a kai, ba fitilar danja, ba komai.

Yana ɗaura takalmi Yaya ta kira.

"Auta, yau ne ko?"

"Yau ne, Yaya."

"To kai ne a ciki. Kada ka dawo mini da maganar an fi ƙarfinka. Ni ba zan iya bin Baba da gudu ba, ka san gwiwata."

Ya ce ta kwantar da hankalinta, ya gama lissafinsa. Kuma da gaske ya gama. Kansiloli bakwai ne ke ɗaga hannu, Shugaba ba ya sa baki sai an yi kunnen doki. Auta ya bi mutum uku ɗaya bayan ɗaya har suka yarda a dakatar da maganar sai an kafa danja a wurin. Su uku da shi, huɗu ke nan a kan uku.

A farfajiyar ofishin majalisa ya ci karo da Nas, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta fi kowa daɗewa a kan kujerar kansila, kuma ɗaya daga cikin ukun nan nasa. Ta dube shi sama da ƙasa kamar mai shirin auna masa jini.

"Ka ga yadda kake zufa tun ba a fara ba. Zo nan." Ta ja shi gefe. "Ka yi maganar tsofaffin unguwa, ka yi ta 'yan makaranta, ka yi ta masu keken guragu. Amma kada sunan mahaifinka ya fito daga bakinka."

"Ai kowa ya san Baba, Anti."

"Kowa ya sani a waje. A cikin zauren nan abin da ba a faɗa da baki ba, Sakatare bai ji ba. Amma kana furtawa ya shiga rubutu, kuma ka san doka: duk kansilan da magana ta shafi gidansa, waje zai fita har a gama. Ka ji ni?"

"Na ji."

Ya ji ɗin kuwa. Wannan ne abin haushin, ba wanda zai ce ba a gaya masa ba.

Aka zauna. A zauren nan akwai dogon tebur mai lanƙwasa, da makirufo a gaban kowa, rabinsu ba sa aiki. Fanka ɗaya tana juyawa tana ƙara. A kujerun jama'a mutum biyu ne kacal, ɗaya ma barci ya zo yi. Shugaba ya buga gudumarsa, Sakatare ya karanta abin da aka tattauna a zaman baya da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka, aka amince. Aka shiga maganar fitilun titi da suka mutu a bayan kasuwa. Aka shiga ta karnukan da ba su da masu su. Sai fentin ɗakin karatu na gari, inda manyan mutane masu furfura suka ɓata lokaci mai tsawo suna jayayya ko fari za a shafa ko ruwan madara. Auta yana zaune yana ɗaga hannu in an ɗaga, yana saukewa in an sauke. Ya cire tabaransa ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. A ransa yana ta maimaita jawabinsa, kuma duk maimaitawar sai ya ga hular Baba a tsakiyar titi. Tsoro yake ji sosai.

Da aka gama da kwata, Shugaba ya ce, "Sai maganar tashar bas. Injiniya, bismillah."

Injiniyan gari ya miƙe da taswirarsa. A gaskiya ba mugu ba ne, kuma maganarsa ba shirme ba ce. Bas yana tsayawa ne daidai kan kwana, in ya tsaya duk abin da ke bayansa ya tsaya. A tsallake kuwa akwai fili, bas zai iya raɓewa ya bar hanya. Ya nuna da sanda, ya zauna.

Auta ya ɗaga hannu. Ya ce duk gidajen da ke hawa bas a wurin a wannan gefen suke. Ya ce akwai yara, akwai mata masu goyo, akwai tsofaffin da ba sa iya sauri. Ya ce ba ya ƙin a ɗauke tashar, a dai fara kafa danja tukuna. Nas tana gyaɗa kai. Har mai barcin nan ya buɗe ido.

Sai Mai Katako ya jawo makirufonsa. Kansila ne shi ma, kuma duk garin an san motocinsa na katako ne suka fi kowa tsayuwa a bayan bas a kwanar nan. Mutum ne mai magana a hankali, yana murmushi, kamar yana sayar maka da ƙofa.

"Shugaba, ni kullum in an kawo aiki sai a ce tsofaffi. Za a gyara kwata, tsofaffi. Za a sare bishiya, tsofaffi. Ni dai ina wucewa ta wurin nan safe da yamma, ban ga wani taron tsofaffi ba. Akwai dai wani bawan Allah mai hula da ke wuni a kan benci yana yi wa motoci sarauta, shi kuma ban taɓa ganin ya hau ba. Saboda mutumin da ba ya hawa bas, wanda ko ina yake ma bai sani ba, za a tsayar da gari?"

Wani ya yi 'yar dariya. Nas ta miƙo ƙafa ta ƙarƙashin tebur don ta taka Auta, amma kujerarsa ta yi mata nisa.

"Ubana ne," in ji Auta. Bai ma san ya miƙe tsaye ba. "Mutumin da kake faɗa ubana ne. Ya yi rayuwarsa yana kai mutanen garin nan wurin aiki, har da kai, kana ɗan makaranta. In kuka mai da tashar can, bin ta zai yi, mota ta kwashe shi."

Kowa a zauren ya juyo yana kallonsa. Auta ya ji wani sanyi a ƙirjinsa na ɗan lokaci, don ya faɗi gaskiya kuma kowa ya ji. Sannan ya ga alƙalamin Sakatare yana tafiya a kan takarda.

Sakatare ya gama rubutunsa, ya ɗago, bai yarda sun haɗa ido ba. "Shugaba, kansila ya bayyana cewa maganar ta shafi gidansa."

Shugaba ya shafa fuska. "Auta, ka yi haƙuri. Ka san tsarin. Ka ɗan ba mu wuri."

"Shugaba, ai ba riba nake nema ba. Ba fili ba ne, ba kwangila ba ce."

"Na sani. Amma ya riga ya shiga rubutu."

Mai Katako yana ta duban farcensa.

Auta ya tashi daga kujerarsa ya fita. Mai gadi ya rufe ƙofar a bayansa a hankali, kamar mai jin kunya.

A baranda babu komai sai kujerun roba da tulun ruwan sanyi da allon sanarwa. Ya zauna, ya tashi. Ya tsiyayi ruwa bai sha ba. Ta cikin ƙofar yana jin muryar Nas tana hawa, amma ba ya gane kalmomin, sai muryar Injiniya, sai ta wani da bai tantance ba. Ya kusa manna kunnensa da katakon, ya ga mai gadi yana kallonsa, ya fasa. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Yaya ce. Ya bar ta ta yi ta yi har ta gaji. Lissafin da ya yi alfahari da shi da safe ya dawo masa: in babu shi, uku ne da uku, kuma tun da aka zaɓi Shugaba bai taɓa saɓa wa Injiniya ba. Ya shiga roƙon Allah ya sa ko mutum ɗaya a cikin wancan ɓangaren ya tuna yana da uba. Haushin kansa ya ishe shi har ya ji kamar ya ciji hannunsa.

Guduma ta buga. Ƙofa ta buɗe, Nas ta leƙo. Bai buƙaci ta yi magana ba, amma ta yi.

"Uku da uku. Shugaba ya bi Injiniya." Ta sassauta murya. "Na dai samu an bar bencin a inda yake. Danja kuma an tura wa kwamiti, wai sai kasafin baɗi."

"Ba benci yake bi ba, Anti. Bas yake bi."

"Na sani, ɗana. Shigo, saura kwandunan shara, kuma ana buƙatar hannunka."

Haka ya koma ya zauna a kujerarsa, ya ɗaga hannu aka amince da sayen kwandunan shara masu murfi. Da aka tashi, Mai Katako ya dafa kafaɗarsa a bakin ƙofa ya ce ya gaishe masa da Baba.

Da ya je ya gaya mata, Yaya ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "To," ta ci gaba da ninke kayan Baba.

Ba a daɗe ba ma'aikata suka zo suka tumɓuke allon tashar suka kafa shi a tsallake. Majalisar da ke shekara ba ta canja ƙwan fitila ba, wannan aikin kam ba ta yi masa nawa ba. Washegari Auta bai buɗe shago ba. Ya tsaya a bakin layi har Baba ya fito da hularsa, ya bi shi a baya daga nesa kaɗan.

Baba ya zauna a bencinsa. Bas na farko ya taho, Baba ya miƙe ya ɗaga hannu. Bas ya wuce, ya zagaya ta mahaɗa, ya je ya tsaya can tsallake. Direban ya yi ƙaramin hon ɗin da ya saba. Baba ya tsaya da hannunsa a sama yana kallo, sannan ya gyara hula ya nufi bakin kwalta. Wata tirela ta wuce, iskarta ta kaɗa masa riga.

Auta ya cim masa, ya kama hannun rigarsa.

Baba ya juyo ya dube shi, ya haɗe rai. "Kai yaro, wa ya bar ka a bakin titi kai kaɗai?"

Auta ya sassauta riƙon da ya yi wa rigar.

"Kawo hannunka." Baba ya damƙe masa wuyan hannu, da ƙarfin da Auta ya ɗauka ya daɗe da ƙarewa. "Kada ka saki. Duba can. Yanzu duba nan. Ba a gudu, ka ji ko? Sai na ce mu tafi."

Auta ne yake kallon motocin, shi ne ya ga hanya ta buɗe, ya ɗan matsa gaba, Baba ya ce, "Mu tafi." Suka tsaya a tsakiya, motoci suna wucewa gaba da baya, sannan suka ƙarasa. Kafin su kai bas ɗin ya tashi, amma Baba bai damu ba, wani yana tafe. Ya saki hannun Auta, ya karkaɗe masa kafaɗa.

"Gobe ma ka jira ni a can. Kada ka kuskura ka tsallaka sai na zo."

"To, Baba," in ji Auta. "Zan jira ka."