Lafiyarsu Ƙalau

Mutanen mazaɓarta ba su taɓa sabawa da ce mata Honorabul ba. Ta daɗe tana shugabantar makarantar 'yan mata kafin ta shiga siyasa, don haka Hedimistires suke kiranta, har abokan aikinta na majalisa suka ɗauka. Wasu don girmamawa, wasu don zolaya, saboda in ta miƙe za ta yi magana sai ta sauke tabarau a kan hanci ta bi zauren da kallo kamar mai neman wanda bai yi aikin gida ba.

Maganar direbobin tirela ce ta hana ta sakat a wannan shekarar. Rikici ya ɓarke tsakanin ƙasarsu da maƙwabciyarta a kan harajin kaya, aka wayi gari an rufe iyaka, direbobin da abin ya rutsa da su a can aka kama su da sunan fasa-ƙwauri. Yawancinsu 'yan mazaɓarta ne, domin babbar tashar tireloli tana bayan unguwarsu. Wata ya bi wata, ba shari'a, ba saki. Matansu suka mai da ofishinta wurin yini, su zauna a kan benci da goyo, ba abin da suke tambaya sai, "Hajiya, an ji wani labari?"

A cikinsu akwai wata mai kitso da ake kira Maman Biyu, tsohuwar ɗalibarta ce. Mijinta Dogo yana cikin waɗanda aka kama, kuma ciwon sukari gare shi. Ita ba ta kuka a ofis kamar sauran. Sai ta zauna a gefe, in za ta tafi ta ce, "Hajiya, ni dai maganinsa nake tunani. Ba ya son a san yana sha, ko a gida ɓoyewa yake yi."

Da ƙyar Hedimistires ta samu aka sa tambayarta cikin waɗanda Ministan Harkokin Waje zai amsa a gaban majalisa. Ranar da aka tsayar, ta biya da motarta ta ɗauki Maman Biyu, don ta ji amsar da kunnenta ta kai wa sauran matan. Ta raka ta benen 'yan kallo, ta zaunar da ita a layin gaba inda ake ganin komai. Tana saukowa wani jami'i mai baƙar kwat ya tare ta a matakala, ya ce Minista yana roƙon ta ba shi 'yan mintoci.

Ɗakin da ministoci ke jira ƙarami ne, sanyin na'ura ya yi masa yawa. Minista ya miƙe ya tarbe ta, ya sallami mutanensa da hannu, ya rufe ƙofa da kansa. Mutum ne mai taushin murya, wanda bai taɓa ɗaga ta ba ko a lokacin yaƙin zaɓe.

"Hajiya, zauna. A kawo shayi?"

"Na gode, ranka ya daɗe. An kusa shiga."

Ya zauna a bakin kujera ya haɗa yatsunsa. "Zan gaya miki abin da ko mutum biyar ba su sani ba a ƙasar nan. Ɗaya daga cikin direbobin ya rasu a tsare. Ciwonsa ya tashi, ba su kai shi asibiti da wuri ba. Sun riga sun binne shi."

"Wanne daga ciki?"

"Wani dogon mutum, mai ciwon sukari."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta dafa hannun kujera. "Yallaɓai, matarsa tana sama yanzu haka. Ni na kawo ta."

Ya runtse ido na ɗan lokaci. "Allah ya ji ƙansa. Amma ki saurare ni. Jakadanmu ya kusa shawo kansu su saki sauran. Sharaɗinsu ɗaya, kada maganar mutuwar nan ta fita kafin a sa hannu. In ta fita yau, gobe matasa za su ƙona motocinsu da ke nan, su kuma su huce a kan yaranmu da ke hannunsu. Ban ce ki janye tambayarki ba. Ki yi ta. Abin da nake roƙo, in na amsa, ki bar ta a nan."

"Me za ka amsa?"

"Abin da zai dawo da sauran gida."

"In kuma kujerarka kake karewa fa?"

Bai yi fushi ba. Ya ɗan yi murmushin gajiya ya ce, "Wannan kuma sai ki auna da kanki, Hajiya. Ba ni da wata shaida da zan nuna miki."

Aka buga ƙararrawar shiga.

Zauren bai cika ba, kamar yadda aka saba ranar tambayoyi. Ministan Ruwa aka fara yi wa, a kan famfunan da suka ƙafe a unguwannin bayan gari, ya ce an kafa kwamiti. Sannan aka kira na Harkokin Waje. Wani ɗan adawa ya tambaye shi dalilin da mutane ke yin watanni suna jiran fasfo, ya ce injin bugawa ne ya lalace, an yi odar wani. Ɗan adawan ya ce bara ma haka aka faɗa, ko dai injin a ƙafa yake tahowa? Zauren ya kwashe da dariya, har Kakakin Majalisa sai da ya rufe baki da hannu kafin ya buga guduma. Hedimistires ba ta ji abin dariyar ba. Idonta yana kan takardar da ke gabanta, amma ba karatu take ba. Sau ɗaya ta ɗaga kai sama, Maman Biyu ta ɗago mata hannu a hankali, kamar yarinyar da ta hango uwarta a taron makaranta.

Da aka kira ta, ta miƙe ta karanta tambayar yadda ta rubuta ta: wane hali direbobin suke ciki, kuma yaushe za su dawo?

Minista ya gyara lasifika. "Mai girma Kakaki, ina gode wa 'yar majalisa bisa kishin mutanenta. Jakadanmu yana ziyartar 'yan uwanmu a kai a kai. Ina tabbatar wa wannan majalisa mai daraja cewa dukkansu lafiyarsu ƙalau, kuma nan ba da jimawa ba za su dawo cikin iyalansu."

'Yan jam'iyyar gwamnati suka bubbuga tebur. Shi kuwa ita yake kallo, ba ƙiftawa.

"Honorabul, akwai ƙarin tambaya?" in ji Kakaki.

Tana tsaye. Kalmomin suna bakinta, gajeru ne, ba su fi numfashi ɗaya ba: dukkansu suna raye? Ta tuna matan da ke zama a bencin ofishinta, kowace da nata mijin a can. Ta tuna kuma cewa wannan mutumin ya yi ƙarya yanzu a gaban sandar majalisa ba tare da muryarsa ta girgiza ba, to me zai hana ya yi mata a ɗaki? Ta rasa wanne za ta ɗauka a cikin biyun. Wani daga baya ya ce, "Yau Hedimistires ta manta darasi," aka ɗan yi dariya.

"Babu, mai girma Kakaki," ta ce, ta zauna.

A mota Maman Biyu ta kasa rufe baki. Rabon da Hedimistires ta ji ta tana surutu haka tun tana aji uku.

"Hajiya, kin ji shi ko? Dukkansu, ya ce. Wallahi da ya faɗa sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ashe mutumin kirki ne, a talabijin ne kawai yake da ɗaure fuska. Yanzu in na je zan ce wa yaran Babanku na nan tafe. Ƙaramin ma ya daina cin abinci sosai, kin san shi ne ɗan gidansa."

A wata mahaɗar hanya danja ta tsayar da su. Hedimistires ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta buɗe baki ta ce, "'Yata." Maman Biyu ta juyo da fara'a. Na baya suka fara danna ham.

"Ki ci gaba da addu'a," ta ce, ta ja mota.

Daga ranar ta rage zuwa ofishin mazaɓa. In ta je, sai ta shiga ta ƙofar baya. Maigidanta ya lura abinci yana komawa kicin yadda aka kawo shi, ya tambaye ta ko jikin ne, ta ce aiki ne ya yi yawa. Ta kira Minista sau da dama, kullum a ce yana taro. Maman Biyu kuwa ta koma kitsonta da ƙarfi, har ta sa aka yi wa ɗakinsu fenti.

Bayan wasu makonni aka sa hannu, aka buɗe iyaka. Gwamnati ta turo bas ta kwaso direbobin, aka shirya tarba a tashar tireloli, da rumfa da kujeru da 'yan jarida. Minista bai zo ba, wakili ya aiko. Hedimistires ta so ta riga kowa isa wurin Maman Biyu, ta ja ta gefe ta gaya mata da bakinta. Amma ta tarar da ita tsakiyar mata, ta yi kwalliya, tagwayen suna sanye da kaya iri ɗaya, sai ta tsaya daga nesa.

Mutanen suka riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya, ramammu, gemu ya cika musu fuska. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Maman Biyu tana ɗage a kan yatsun ƙafa tana leƙen ƙofar bas, har direban bas ɗin ya sauko ya rufe ta. Wani dattijo cikin waɗanda aka sako, wanda suke kira Shugaba, ya ratso jama'a ya zo gabanta ya cire hula.

"Ba a gaya miki ba?" ya ce. "A hannuna ya cika. Tun kafin damina."

Ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallon bakinsa. Can ta juya tana neman wani a cikin taron, har idonta ya sauka a kan Hedimistires. Ta tako a hankali, yaran suna riƙe da zanenta.

"Hajiya, ranar da kika kai ni majalisa, kin sani?"

"Na sani."

"Kika bar ni ina ta zuba a mota."

"An ce mini in na yi magana sauran ba za su dawo ba."

Maman Biyu ta dubi matan da ke rungume da mazajensu, ta gyaɗa kai kamar ta fahimta. "To ai ga su sun dawo," ta ce. "Ni ko takaba ban yi masa a kan lokaci ba." Ta kama hannun yaranta ta bi ta tsakanin tirelolin da ke fake, wasu mata biyu suka bi bayanta da gudu.

Da majalisa ta dawo zama, Hedimistires ta gabatar da ƙorafi cewa Minista ya yaudari majalisa. Wannan karon zauren ya cika. Minista ya miƙe cikin natsuwarsa, ya yi ta'aziyya ga iyalan mamacin, ya ce ya yi abin da ya yi ne don ceton rayuka, kuma sakamakon yana gaban kowa. Sannan ya ƙara da cewa, tun kafin zaman wancan rana ya sanar da mai girma 'yar majalisa halin da ake ciki, ita ma da ta ga hikimar abin ba ta yi ƙarin tambaya ba, yana kuma yaba mata a kan wannan dattako.

Zauren ya kaure. 'Yan adawa da suka yi alkawarin mara mata baya suka juyo suna kallonta. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Ashe tare kuka dafa!" Ta miƙe tana neman a ba ta dama, Kakaki ya ce an riga an ji ɓangarorin biyu. Aka kaɗa ƙuri'a da murya, masu cewa a'a suka rinjaya, guduma ta sauka. Kafin a tashi, wani ya kawo shawarar a jinjina wa Minista bisa dawo da 'yan ƙasa gida, aka amince.

Ta same shi a farfajiya yana shirin shiga mota.

"Ranka ya daɗe, abu ɗaya nake so in sani. Da na yi tambayar, da gaske ba za a sake su ba?"

Ya tsaya da hannu a kan ƙofar motar. "Wallahi Hajiya, ban sani ba. Wataƙila da an sake su duk da haka. Wataƙila kuma da yanzu gawa uku muke magana a kai."

"To kabarinsa fa? Iyalinsa suna so su san inda yake."

"Zan sa jakada ya bincika."

Ba a taɓa kawo amsar ba. Ta rubuta wa ma'aikatar, ta sake rubutawa, daga baya aka canja jakadan, sabon ya ce bai tarar da maganar a ofis ba. Maman Biyu ta kwashe kayanta ta koma garin iyayenta. Hedimistires ta je ta'aziyya har can, tafiyar rabin yini. Mahaifiyar ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwa, suka gaisa, suka yi addu'a. Ta ce 'yar tata tana ɗaki, kanta ke ciwo. Hedimistires ta zauna har inuwa ta juya, tana jin motsin tagwayen a bayan labule. Da ta ga rana ta yi sanyi, ta yi sallama da tsohuwar ta kama hanya.