Fuskar Talle

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma ni ba mai yawan mafarki ba ne. In na kwanta na kwanta ke nan, sai asuba. Sunana Korau, walda nake yi a bakin tasha, ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Abin da nake zargi shi ne tsayawar da na yi da la'asar a shagon Ilu mai gyaran talabijin. Yana gwada wata da ya gama gyarawa, sai ga wani tsohon fim na Turawa, marar launi, na wani mutum da dabba ta cija ya koma yana rikiɗa. A tsaye na kalle shi har ƙarshe. Na ce wa Ilu shirme ne, da ni ne a garin nan da tuni na warware musu matsalar. Na tafi gida.

To, sai ga ni a garin.

Ba launi ko kaɗan, baƙi da fari kawai. Hulata da na san ja ce ta koma ruwan toka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana hawa sama, ya jiƙa maka ƙarƙashin haɓa ya bar kanka a bushe. Wasu mutane sun durƙusa a gefen hanya da kaskon wuta suna fifita hayaƙi, don ya kwanta daidai gwiwa. Na tambayi ɗaya me ake turarawa. Ya ce ba komai, haka ake son hanya ta kasance.

Rana tsaka ce, amma ga wata a sama, cikakke kamar faifai. Wani ƙato ne ke riƙe da shi da igiya, ya ɗaure ta a ƙugunsa.

Na ce, "Kai, yau fa uku ga wata."

Ya ce, "A nan kullum sha huɗu ne."

Sai na hangi ƙanena Talle. Shi kaɗai ne ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya. Innarmu ta rasu yana goye, ni na ƙarasa rainonsa. Yanzu ga shi da gemu da 'ya'ya, yana tuƙa motar haya. Yana tafe shi kaɗai, wani mai goge na biye da shi yana jan wani sauti mai tsinka hanji. Duk gidan da suka wuce sai a rufe ƙofa. Ashe a garin, duk wanda mai goge ya bi, wani abu zai same shi. Kowa na jin gogen ban da wanda ake bi.

Na ƙwala masa kira, bai waiwayo ba. Wani abu ya motsa a cikin ciyawa. Talle, wanda ko ɓera ya motsa a ɗaki matarsa yake turawa ta duba, ya bar hanya ya kutsa ciki yana cewa, "Wane ne nan? Wane ne?"

Kura ce, amma ban gan ta ba. Inuwarta na gani a jikin katanga, sai ƙafa ɗaya. Ba a nuna ta da wuri, wai sai an ja wa mutane rai. Talle ya fito riƙe da damtse, jini na zuba, baƙi wuluk kamar baƙin mai.

Wata tsohuwa ta ɓullo daga cikin hayaƙin. Ta ce, "Ɗan nan, wanda wannan kurar ta cija bai mutu ba, shi ma ya zama ita."

Na ce, "Iya, ina kike tun kafin ta cije shi?"

Ta ce, "Ni aikina gargaɗi ne bayan an makara." Ta koma cikin hayaƙinta.

Na ce mu je asibiti. Ban rufe baki ba sai ga mu a asibiti. A garin ba a tafiya, yanke ka ake yi a nan a ajiye ka a can. Likitan ya duba ciwon, ya ɗaga kunnen Talle da ya fara tsini, ya gyara tabarau.

"Duk tunani ne. Ya samu hutu."

Na ce, "Likita, wutsiya ce fa ke fitowa ta bayan wandonsa."

Ya ce, "Ita ma tunani ce. Ni ba a yarda in gaskata ba sai an cinye ni."

Sai ga ni a wani ofis. Bunsuru ne a kan kujera, da rigar kwat, yana tauna zaren kaset. Shi ne mai tsara labarin garin. Warin ofishin kuwa ba a magana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena ne aka cija."

Ya ce, "Mun sani, mu muka aika."

"Me ya yi muku?"

"Ba komai. Mutumin kirki ake cizo. In aka ciji mugu, wa zai ji tausayi?"

Na ce to ni mai walda ne, zan yi masa keji in ajiye shi har ya warke, in ma bai warke ba zan riƙa sayo masa ƙashi a mahauta. Bunsurun ya ce in yi, ana son a ga 'yan'uwa sun yi ƙoƙari.

Na yi kejin da rodi mai kauri, irin wanda ake zuba kankaren bene da shi. Talle ya shiga da ƙafarsa ya zauna.

Ya ce, "Yaya, ka liƙe ƙofar gaba ɗaya. Ina jin wani abu a haƙorana."

Na liƙe. Ina ɗaga gilashin walda daga idona sai na ga wani wanzami a cikin kejin, ban san ta inda ya shiga ba. Shi aikinsa a juye yake, ba ya aske gashi, mayarwa yake yi. Yana ɗebo gashi daga zabira yana manna wa Talle a kumatu da goshi da bayan hannu, kaɗan-kaɗan, yana cewa, "Kar ka motsa, kar ka motsa." Talle ya zauna kamar mai ɗaukar hoto, hawaye na bin sabon gashin. Da aka gama ya miƙe, ya kama rodin nan ya buɗe shi kamar mai raba taliya, ya fita. Wannan ya ƙona min rai. Ni na san aikina.

Gari ya waye ba tare da dare ya yi ba. Na tarar da Talle kwance a ƙofar shagona, fuskarsa ta dawo, ƙafafunsa duk taɓo, rigarsa a yage. Ana ta koke-koke a bayan layi. An tsinci gawar wata mai sayar da awara.

Ya ce, "Yaya, ina na je?"

Na ce, "Ba ka je ko'ina ba. Tashi ka wanke ƙafa."

Na ɗauki almakashin ƙarfe na tafi wurin ƙaton nan mai riƙe da wata. Na ce in babu wata ai babu rikiɗa. Na datse igiyar. Watan ya tsaya inda yake, ƙaton ne ya faɗa sama. Har ya ɓace yana ce min in gaishe da iyalinsa.

Ofis kuma. Bunsurun ya ce, "Ka gama? To, ga yadda ake ƙarewa. Ba ya warkewa, mutuwa yake yi. Ƙarfe ba ya kashe shi sai azurfa. Kuma wanda ya fi kowa sonsa shi ke kashe shi. Mun duba garin nan kaf, har matarsa mun auna. Kai ne."

A nan ne na ga kamar na samu ƙofa. Na ce a raina, in babu mai sonsa babu mai kashe shi, labari ya tsaya cak. Na ce, "Ranka ya daɗe, kun yi kuskure. Ni ba na son yaron nan."

Ya ce, "Faɗi a gaban jama'a."

Sai ga mu a tsakiyar kasuwa. Talle na tsaye, wanzami ya riga ya fara, rabin fuskar tasa ce, rabin ta kura. Na ɗaga murya yadda nake yi in inji na aiki. Na ce kaya ne aka ɗora min tun ina yaro. Na ce ya cinye min ƙuruciya, ina goyo sa'o'ina na wasa. Na ce malalaci ne, matsoraci, ban taɓa ganinsa na ji daɗi ba. Maganar na fita sumul, ko tuntuɓe ban yi ba.

Talle ya dube ni da idon da ya rage nasa. Ya ce, "Haka ne, Yaya?"

Na ce, "Haka ne."

Bunsurun ya ce an karɓa, an cire ni. Talle ya juya ya shige cikin hayaƙi da ƙafa huɗu. Ni kuwa har ina murna, na yi wa bunsuru wayo.

Sai na ga mutane suna naɗa tsumma a kan sanduna suna kunna wuta. Kowa da fitilar waya a aljihu, amma ba a farauta da ita, sai da wutar tsumma. Wasu da tabarya, wasu da lauje.

Na ce, "Ina za su?"

Bunsurun ya ce, "Ƙarasa labari. In babu masoyi, gari ke kashewa."

"To ai ka ce sai masoyi!"

"Na ce masoyi ke kashewa, ban ce in babu shi ana fasawa ba. Bambancin ɗaya ne. In masoyi ya kashe, gashin na zubewa, fuskar ta dawo, a gane mutum ne. In gari ya kashe, a kura yake mutuwa, a kura yake zama." Ya haɗiye abin da ke bakinsa. "Kai ka taɓa ganin an yi wa kura wanka? Ko likkafani? Wane liman ne zai tsaya a kanta? Igiya ake sa mata a ƙafa a ja ta zuwa juji."

Ban san lokacin da na isa shago ba. Na tarar da munduwar azurfa ta Innarmu a kan teburin aiki, wadda aka sayar tun ina yaro. Na miƙar da ita na liƙa a bakin gudumata. Liƙin ya kama.

Sun ritsa shi a bayan mahauta, a jikin wani kututture da ake sara ƙashi. Ya gama rikiɗa, babu abin da ya rage nasa sai guntun wuyan riga. Na kutsa ina ture mutane. Bunsurun ya tare ni da ƙaho.

"A gaban jama'a ka janye, a gaban jama'a za ka mayar. Faɗa masa."

Na buɗe baki. Wallahi maganar tana nan a ƙirjina, ina jin nauyinta kamar na haɗiyi ƙarfe. Amma ta ƙi hawowa. Ni ban taɓa faɗa wa wani mahaluƙi wannan maganar ba, ban san ta inda ake kama ta ba. Na yunƙura. Abin da ya fito shi ne, "Kai Talle, dubi yadda ka yi da rigarka."

Jama'a suka matso. Zafin wutarsu na dukan ƙeyata.

Bunsurun ya ce, "Ba haka ake faɗa ba. Ana kuka, ana runguma. Sake."

Na sake yunƙurawa har jijiyar wuyana ta miƙe. Na ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Wani ya ɗaga tabarya. Sai kurar ta yi magana, da muryar Talle, a shaƙe.

"Ku bar shi. Iyakarsa ke nan. Na ji."

Bunsurun ya daɗe yana tauna. Sannan ya kauce.

Talle ya zo da kansa ya ɗora kai a kan kututturen. Mai goge ya daina ja. Ruwan nan ma ya tsaya a inda yake, ɗigo-ɗigo, a tsakanin ƙasa da sama. Na dafa wuyansa, gashin na da kaushi, amma ɗumin jikin nasa ne, na san shi tun a bayana.

Ya ce, "Yaya, sau ɗaya. Kai ka iya."

Na ɗaga gudumar da hannu biyu. Na sauke ta da duk ƙarfina. Na durƙusa ina share gashin da tafin hannu, ina jira in ga hancinsa, in ga goshinsa. Gashin ya fara motsi.

Ƙarar-ƙarar-ƙarar. Matata Tabawa ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunya da cokali. Gari ya yi haske, har na makara sallah. Ban ga ko fuskar ta dawo ba. Na rufe ido na matse don in koma, ko da na ƙiftawa ɗaya ne, amma cokalin nan ya ƙi yin shiru.

Na lalubo waya na kira Talle. Ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka, yana hamma.

"Yaya? Lafiya da sassafe?"

Na saurari numfashinsa. Na ce, "Har yanzu kana kwance? Malalaci." Na kashe.