Katakon Auta

Tun ranar da Baba ya ce Auta ne zai ɗora masa katakon rufin sabon ɗakinsa, abinci ya daina yi wa Yaya daɗi. Shi ne babba, shi ya koya wa Auta riƙon zarto, amma ko shawararsa ba a nema ba.

Katakon ɗanye aka kawo shi. Auta ya jera shi a tsakar gida bisa bulo, ya sa ƙananan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya ɗora kwano a sama. Daga nan ya tafi aikin wani gari.

Ran nan hadari ya haɗo. Mama ta jawo wata ƙatuwar leda ta lulluɓe katakon har ƙasa.

"Kai, zo ka ɗaure min! Kana tsaye kamar turke, kayan ƙaninka za su jiƙe."

Yaya ya karɓi igiyar. Ya san abin da zai faru. Rana za ta fito, danshin ya rasa hanyar fita, katakon ya yi ta gumi a ciki har ya yi fumfuna. In aka buga shi a haka, yana bushewa zai kantare, ƙusoshi su saki. Sai kowa ya ga aikin ɗan lelen.

Ya ja igiyar tamau, har da ƙulli biyu.

Sai ya ji tarin Baba daga tsohon ɗakin da ke yoyo. Ya tsaya jim. Ya ja tsaki, ya kwance ƙullin, ya naɗe gefen ledar sama.

"Me kake yi haka?" Mama ta daka masa tsawa. "Baƙin cikin naka har ya kai nan?"

"Katako ma numfashi yake, Mama."

"Numfashin gidanku! Allah ya shirye ka."

Ranar da Auta ya dawo, Baba ya fito yana dogara sanda. Ya ƙwanƙwasa katako ɗaya, ya ji ƙararsa garau.

"Ka ji bushewa! Yaron nan akwai kai." Ya waiwayo wajen Yaya. "Kai kuma uwarku ta ce so ka yi ruwa ya cinye shi."

Auta ya yi dariya. "Yaya, kama min can gefen mana."

Yaya ya sunkuya ya kama.