Ranar da Sakwarar Iya Muinat Ta Yi Baƙi

Salamu alaikum jama'ata, masu zaman jiran tsiya. Ku matso, na baya ya daina tura na gaba, labarin yau ya ishi kowa. Na wani gaye ne da ya shiga aji a makare, ya tsinci wutsiyar karatu, ya fito da ita yana kaɗa wa gari.

A Fagge aka yi shi, zamanin da dalar gyada ke tsaye a Kano, Bature bai tattara komatsansa ba tukuna. Sunansa Musiliu, ɗan wani Bayarabe mai sayar da goro. Yana makarantar koyon aikin duba-gari, masu leƙa randa da masai ɗin nan. Ko takarda ba a ba shi ba, amma tafiyarsa ta riga ta zama ta babban likita. Yana da farar riga da gajeren wando da ake dafka wa sitaci har in ya cire su suna iya tsayuwa su kaɗai su jira shi. In yana tafe sai ka ji ƙaras ƙaras, kamar akuya ta shiga buhun takarda.

To wannan riga ita ta hana shi aure.

Akwai yarinyar da yake so a Sabon Gari, Muinat, 'yar mai sakwara. Uwarta, wadda kowa ke kira Iya Muinat, tana da rumfa kusa da kasuwa, inda ma'aikatan reluwe da akawuna ke cika da rana. A al'adarsu ta Yarabawa, saurayi in ya zo gaida surukarsa zubewa yake yi ƙasa, rub da ciki, ƙirji ya taɓa turɓaya. Musiliu kuwa sai ya ɗan ranƙwafa, ya taɓa ƙasa da yatsa ɗaya kamar mai gwada zafin ruwa, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Sannu Dokita," in ji Iya kullum, wato likita a bakinta. "Kar ka karye."

Iyayensa sun aika neman aure, ta ce tana tunani. Tunanin nan ya ƙi ƙarewa. Muinat ta gaya masa gaskiya a bayan rumfa: "Ka kwanta mata sau ɗaya kawai. Riga ce, ana wankewa."

"Ke ba ki san aikin gwamnati ba," in ji shi. "Zan burge ta da ilimi."

Ilimin kuwa ga yadda ya same shi. Malaminsu na ɗakin gwaje-gwaje, Mista Ambrose, wani siririn mutum mai tabarau wanda ba ya ɗaga murya, ya yi musu darasi a kan abin da ke cikin abinci. Musiliu yana can gun mai guga, ya tsare shi sai karin wando ya fito kamar wuƙa. Ko da ya iso aji, an cinye darasi saura ƙanzo. Abin da ya gani kawai: Malam ya ɗauko nono a kofi biyu, ya ɗiga aidin, wannan jan maganin da ake sa wa ciwo mutum ya yi ihu. Kofi ɗaya bai ce komai ba. Ɗayan nan take ya rine, shuɗi mai duhu har ya koma baƙi.

"Kun gani," in ji Mista Ambrose, "wannan an yi masa algus da garin rogo don ya yi kauri."

Shi ke nan. Musiliu bai tambayi kowa abin da aka faɗa kafin ya zo ba, don tambaya ta marasa guga ce. Ya yanke wa kansa hukunci cewa aidin maganin kama maha'inta ne: duk abincin da aka yi wa algus, da ya ji aidin sai ya yi baƙi don kunya.

Ya sayi 'yar kwalba a kantin magani, ya sa a aljihun ƙirji, ya shiga gari. Ya je gun mai tsire, ya ɗiga a kan tsoka ɗaya, ba ta yi baƙi ba. Ya ce, "Namanka na gaskiya ne," ya cinye sauran tsinken a matsayin shaida. Ya gwada dafaffen ƙwai, lafiya lau. Ya gwada man shanu, ya gwada soyayyar kaza. Ku lura da kyau, bai taɓa gwada tuwo ko ɗanwake ba. Waɗannan akwai su a gida, me zai sa ya wahalar da kimiyya a kansu? Binciken nasa bai taɓa sauka ƙasa da abin da ke da maiƙo ba. Kafin wani lokaci masu nama na Fagge sun san shi, da sun hango farar riga sai su ware masa tsinke, su ce ga na kwalba.

Ana nan sai magana ta ɓulla a Sabon Gari cewa wai Iya Muinat tana haɗa sakwararta da garin rogo, shi ya sa take danƙo haka. Daga rumfar da ke kallon tata maganar ta fito, kowa ya sani, ba wanda ya faɗa. Ƙarya ce tsagwaronta, doya zalla matar nan ke dakawa, amma benci ya fara yin sarari. Iya ta rame a tsaye, tana zuba miya tana zagin iska.

Da Musiliu ya ji, har tsalle ya yi, wando ya ce ƙaras. Ga ranar da yake jira.

"Iya," ya ce bayan ya taɓa ƙasa da yatsan nan nasa, "ki kwantar da hankalinki. Gobe da rana, lokacin da mutane suka cika, zan wanke ki a gaban kowa. Kwalbar nan ba ta ƙarya."

Ta dube shi sama da ƙasa. "In ka wanke ni, Dokita, ka ce wa ubanka ya turo mutanensa."

Muinat ta ja shi gefe. "Ka taɓa gwada ta a kan doya?"

"An taɓa gwada alƙali kafin a kai masa ƙara? Ke dai ki fara zaɓen zane."

Bai tsaya nan ba. Ya bi layi layi yana gayyata, har rumfar abokiyar gaba ya leƙa ya ce ta zo ta ga ƙarshen ƙarya. Washegari rumfa ta cika har bakin titi: 'yan reluwe da baƙin mai a hannu, akawuna da biro a kunne, masu ɗinki, 'yan dako, har da waɗanda ba su taɓa sayen ko loma ba. A can ƙurya, wani siririn mutum ya juya baya yana cin sakwararsa da miyar agushi, bai ɗago ba. Musiliu bai kula da shi ba, yana ta aikin gyara kwala.

Aka kawo malmala ɗaya a faranti, fara sol, tana tururi. Musiliu ya ɗaga kwalba sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a! Wannan ilimin Turawa ne, ba tsafi ba. In akwai algus ko na ƙwayar gero ɗaya, abincin nan zai yi baƙi. In babu, zai zauna yadda yake. Na gwada a kan tsire, na gwada a kan ƙwai. Duk wanda abincinsa ya yi baƙi, macuci ne, a kore shi daga kasuwa!"

"A kore shi!" in ji Iya da ƙarfi, tana harar rumfar tsallake.

Ya cire murfi, ya ɗiga.

Wallahi ko marinar Ƙofar Mata ba ta rini da sauri haka. Ɗigon ya sauka ja, ya juye shuɗi, ya zama baƙi ƙirin, ya fara yaɗuwa a jikin malmala.

Musiliu ya ce a ransa wataƙila gefen ne. Ya juya faranti ya ɗiga a ɗaya gefen. Baƙi. Ya ce a kawo wata malmala daga cikin turmi. Baƙi. Ya ce a yanko ɗanyar doya, ya ɗiga. Doyar da ko wuta ba ta gani ba, ita ma ta yi baƙi.

"Af!" in ji wani ɗan reluwe yana ture farantinsa. "Ashe tun daga gona ake algus ɗin."

"Shekara nawa muna cin wannan?" in ji wani akawu, ya dafe ciki.

Daga tsallaken titi aka rangaɗa guɗa.

Iya Muinat ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba Musiliu tsoro ke nan. Ta kwance ɗankwali ta ɗaure a ƙugu, ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, taɓarya ta shigo hannunta. "Dokita," ta ce a hankali, "nawa ta biya ka?"

Nan fa gaye ya manta da gwamnati. Ya cusa kwalba a aljihun ƙirji, murfin yana can kan tebur, ya zube ƙasa rub da ciki, irin kwanciyar da aka yi ta roƙonsa ya yi. Ƙirji a turɓaya, goshi a turɓaya. "Iya ki yi mini rai! Iya wallahi ba da gangan ba ne!"

Sai ya ji sanyi yana bin ƙirjinsa. Da ya ɗago, farar rigar nan da gumi ya jiƙa ta rine tun daga aljihu har cibiya, baƙi mai shuɗi, irin na sakwarar sak.

Wani ɗan dako ya nuna shi da yatsa. "Jama'a ku duba! Shi ma algus ne!"

Rumfa ta fashe da dariya. Mutane na riƙe ciki, wani ya faɗo daga benci. "A kore shi daga kasuwa!" "Da garin rogo aka haɗa shi!" Har Muinat ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa.

Sai siririn mutumin nan na ƙurya ya gama suɗe yatsunsa, ya wanke hannu, ya gyara tabarau, ya juyo. Musiliu ya so ƙasa ta buɗe. Mista Ambrose ne, ashe nan yake cin abincin rana tun ba yau ba.

"Musiliu," ya ce, kamar suna aji. "Tashi tsaye. Manyan abubuwan da ke cikin abinci, da jiki ke rayuwa a kansu, guda nawa na ce?"

Musiliu ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Ba ka nan, ko? Kana gun mai guga. Uku ne. To saurara, kai da su duka." Ya ɗauki tsokar nama daga miya. "Wannan furotin ne, shi ke gina tsoka, shi ke cike rauni. Yana cikin nama da ƙwai da wake da nono. Aidin ba ruwansa da shi." Ya ɗiga man miya a kan 'yar takarda, ya ɗaga ta a rana, wurin ya yi garau. "Wannan maiƙo ne, jiki na ajiye shi don ranar yunwa. Shaidarsa ke nan, irin ta takardar tsire, kuma na ji ka ƙware a wannan fanni." Aka yi dariya. Ya nuna malmalar. "Wannan kuwa sitaci ne, shi ke ba ɗan dako ƙarfin ɗaukar buhu. Doya sitaci ce, rogo sitaci ne, gero, dawa, shinkafa, duka. Aidin abu ɗaya ya sani a nan: in ya haɗu da sitaci ya yi baƙi. Nono ba shi da sitaci, shi ya sa in ya yi baƙi muka san an zuba masa gari. Amma ka ɗiga a kan doya kana neman rogo? Me ke jikin rigarka?"

"Sitaci, Malam."

"Da ƙarfi."

"Sitaci, Malam!"

"To gaya musu abin da kwalbarka ta nuna game da sakwarar matar nan."

Musiliu ya dubi taron. Ga masu tsiren Fagge biyu a ciki, sun harɗe hannu suna jira. In ya faɗi gaskiya, ya tashi daga Dokita har abada, kuma akwai tsinkayen da za a tambaye shi. In ya yi shiru, Iya ta rasa rumfa, shi ya rasa Muinat. Ya dubi taɓarya, ya dubi Muinat. Ta daina dariya, shi take kallo.

"Ba ta nuna komai ba," ya ce. "Ban san abin da nake yi ba. Tun farko ban sani ba."

"Tsirena fa?" in ji ɗaya daga cikin masu naman.

"Shi ma ban sani ba. Daɗi kawai ya yi mini."

Ɗan reluwen nan ya jawo farantinsa a hankali, amma akawun ya ce shi fa har yanzu ba a nuna masa babu rogo ba, tunda kwalba ba ta iya rabewa. Wasu suka gyaɗa kai.

Iya Muinat ta dubi akawun, ta dubi Musiliu, sai ta miƙa masa taɓarya.

"Riƙe. Daga gobe turmi zai fito bakin titi. Kai za ka fere doya, kai za ka daka, kowa na kallo, a ga abin da ke shiga ciki. Da wannan rigar, kar a wanke. Ranar da bencina ya cika kamar da, ubanka ya turo mutanensa." Ta gyara ɗaurin ƙugunta. "Kwanciyar ta yi kyau. Gobe ka maimaita, ban gani sosai ba."

Haka aka yi. Duk tashi daga makaranta, sai ka ga Musiliu a bakin titi da baƙin ƙirji yana luguden doya, yara na kiransa Dokita Algus. Mutane suka riƙa zuwa kallonsa, in sun gaji da dariya yunwa ta kama su, su zauna su saya. Bencin ya cika har aka ƙaro wani. Da ya je ya nuna wa Iya, ta ce ai sabon bencin bai cika ba tukuna.

Muinat ce ke kawo masa ruwa. Ranar nan ta taɓa damtsensa ta ce, "Ka ga, furotin ya fara aiki."

Iya dai ta karɓi goron a ƙarshe, bayan ta sa an ƙera benci na uku.

To ku fa, jama'ata? Ga taɓarya a gabanku, ga masu tsire a bayanku, ga yarinya na kallo. Za ku buɗe baki ku ce ba ku san komai ba, ko za ku tattara ƙaras ƙaras ɗinku ku bi ta bayan rumfa? Kar wanda ya yi mini ƙarya, kwalbar tana nan.